Ranar Da Kawu Fes Ya Yi Wa Tumbi Wanka

Cikakken sunansa, kamar yadda ake kiransa tun daga bakin kasuwa har ofishin hukumar tsaftar gari, shi ne Kawu Fes Mai Farar Riga, kuma ban taɓa jin wani ya nemi ƙari a kan haka ba. Mun fara haɗuwa a daminar shekarar da aka rufe tsohuwar bola ta bayan tasha, lokacin da gidaje suka kewaye ta har mata suna shanya a jikin katangarta. Ni direban motar kwashe shara ne, shi kuwa mai shara ne na tsintsiya da shebur. Na koyi karatu da rubutu ina da jikoki, saboda haka ba na wasa da alƙalami. Abin da zan rubuta a nan, ko dai idona ya gani, ko na ji daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

Mutum ne gajere, siriri, mai ɗan gemu da ake daidaita wa da almakashi. Da farar riga yake zuwa aiki, ya share kasuwa tun daga rumfar masu kifi har layin masu gawayi, ya koma gida da rigar kamar yanzu ta fito daga hannun mai guga. Yadda yake yi, har yau ban sani ba. Ranar farko da ya ga motata, sai ya zagaye ta, ya shafa yatsa a jikin ƙofa, ya duba yatsan, ya tambaye ni ko a unguwarmu an hana amfani da ruwa ne. Na shaida masa cewa motar shara ce, ba motar ɗaukar amarya ba. Ya ce shara a baya take, gaba kuwa wurin zaman ɗan Adam ne. Daga nan muka ƙulla abota, domin ni ma mutum ne mai son a faɗa masa gaskiya a tsaye.

A aljihunsa kullum akwai guntun sabulu cikin gwangwani. Amma abin da ya fi yarda da shi a duniya shi ne ruwan magani, irin wanda in aka ɗiga shi a bokiti sai ruwan ya koma fari kamar madara, mai ƙamshin asibiti. Duk inda Kawu ya bi, ƙamshin nan yana biye da shi. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Gwaggo, ta taɓa gaya mini cewa kazar maƙwabta ta yi kuskuren shiga ɗakinsa sau ɗaya, ba ta fito ba sai da ƙafafu wankakku.

Wannan hali ya jawo masa abu guda da ya daɗe yana binsa. Autarsa ta auri ɗan shugaban mahautan gari. Ranar da dangin ango suka zo gaisuwa, Kawu ya miƙa wa Shugaba hannu, suka gaisa cikin mutunci. Baƙi ba su kai ƙofar gida ba ya jawo buta, ya fito da gwangwanin sabulu. Shugaba ya waiwayo domin ɗaukar sandarsa da ya manta, ya tarar da surukinsa yana cuɗa tsakanin yatsu, kumfa har wuyan hannu. Ya ɗauki sandarsa ya tafi, kuma tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ta bakin 'ya'ya.

Gari kuwa sai ƙaruwa yake yi. Inda na sani gonaki ya zama unguwanni, kowace unguwa da nata tulin shara, mu kuma motocinmu ba su ƙaru ba. Sai hukuma ta haɗa kai da wani kamfani aka gina masana'anta a filin tsohuwar bola, domin a mayar da shara wutar lantarki. Ga yadda aikin yake. Mu direbobi mu kawo ruɓaɓɓen kayan kasuwa: tumatir da ya narke, ɓawon 'ya'yan itatuwa, ganyaye, ragowar abinci. Mata su tsaya a gefen dogon tebur su tsince leda da kwalba da ƙarfe. Inji ya niƙe sauran, a dama shi da ruwa a wani rami mai faɗi, sannan a buɗe ƙofar bututu ya gangara cikin wani ƙaton tanki na siminti. A saman tankin akwai rufin roba mai kauri. Idan abin da ke ciki ya ruɓe ya ba da iskar gas, rufin sai ya kumbura ya yi tsaye, ana hango shi daga tasha. Gas ɗin ne ke tayar da janareta, janareta ya ba ɗakin sanyi na kasuwa wuta, da fitilun layuka, da shagunan masu ɗinki.

Mai kula da wannan duka wata matashiya ce da muke kira Injiniya, marar yawan magana, kullum cikin dogayen takalman roba. Ita ta yi mana bayani cewa a cikin tankin akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda suke cikin tumbin saniya, su ne suke cin shara su fitar da gas. Daga ranar ma'aikata suka raɗa wa tankin suna Tumbi. Ta kuma gargaɗe mu, ba sau ɗaya ba, cewa kada sabulu ko wani magani ya shiga ramin damu.

Aka ɗauki Kawu shugaban masu sharar harabar, aka ba shi ciki da falo kusa da ƙofar shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, domin gidan da ya yi shekaru yana haya an rushe shi an yi shaguna, shi da Gwaggo suna raɓe a wurin dangi. Manajan kamfanin ya ce ɗakin nasa ne har ranar da zai yi ritaya, wadda ba ta da nisa sosai. Gwaggo ta jera tukwanenta, ta kafa igiyar shanya, ta ce daga nan sai inda Allah ya nufa.

Sai dai Kawu da Tumbi ba su taɓa jituwa ba. Ramin damu yana wari, kamar yadda duk abin da ya ruɓe yake yi, shi kuwa yana ganin warin nan a matsayin zagi ga aikinsa. A gaban Injiniya yakan gyaɗa kai. A bayanta ya gaya mini cewa yarinyar tana da ilimi, babu musu, amma shi tun yana saurayi duba-gari suka koya masa cewa waɗannan ƙwayoyin su ne abokan gaba, ya yi rayuwarsa yana kashe su, yanzu da furfura a ce ya zama mai yi musu hidima.

Ana nan sai labari ya zo cewa manyan baƙi za su zo daga babban birni su ga masana'antar. Duk wanda ya yi aikin tsafta ya san abin da ake yi idan manya za su zo: a shafa wa duwatsu da gindin bishiyoyi farar ƙasa, a wanke ko'ina da ruwan magani, har inda baƙo ba zai leƙa ba. Haka muka tarar, haka muke yi. Kawu ya ji cewa a bakin ramin damu za a tsayar da baƙin a yi musu bayani. Da safiyar ranar, Injiniya ta tafi tarbo su. Shi kuma ya buɗe sito, ya gangaro da duro guda cike da magani wanda ba a sirka ba, ya tuntsurar da shi a ramin, ya sa doguwar tsintsiyar roba ya goge bango tas. Da ya gama, ya ga ruwan dauɗa kwance, mai shara kuwa ba ya barin ruwan dauɗa kwance. Ya buɗe ƙofar bututu, ya kora shi duka cikin Tumbi.

Na iso da lodina na tarar da shi yana ɗauraye tsintsiya, ramin yana ƙyalli. Na tuna masa da gargaɗin Injiniya.

Ya ce, "Direba, shekaruna sun fi naka. Ban taɓa ganin abin da wanka ya kashe ba."

Baƙi suka zo, suka zagaya. Babbansu ya tsaya a bakin ramin, ya shaƙi iska, ya ce ya je ƙasashe da dama bai taɓa ganin wurin shara mai ƙamshin ɗakin haihuwa ba. Ya nemi a nuna masa mai kula da tsaftar wurin, ya riƙe hannun Kawu aka ɗauki hoto. Injiniya ta ji ƙamshin, amma da yake ko yaushe harabar haka take, ta ɗauka ƙasa kawai aka wanke. Kawu ya yini yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Ba a yi mako ba rufin Tumbi ya fara yaushi. Da farko gefe ɗaya ya lotsa, daga baya ya kwanta gaba ɗaya kamar hular da aka zauna a kai. Janareta ya yi tari ya mutu. Ɗakin sanyi ya zama ɗakin zafi. Masu kifi suka ɗauko kwanonin kifin da ya lalace suka juye a ƙofar ofishin Manaja, suka ce tun da an ce Tumbi ruɓaɓɓe yake so, ga shi sun kawo masa.

Injiniya ta ɗebo ruwan tankin a kwalba, ta auna, ta kai hanci. Sannan ta tara mu duka a ƙarƙashin rumfar tsince-tsince. Ba ta ma yi tambaya ba, domin da ta buɗe kwalbar kowa ya juya ya kalli mutum ɗaya. Kawu ya matso gaba, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce shi ne, kuma babban baƙo da bakinsa ya yaba.

Ta ce, "Kawu, ka kashe halittun Tumbi. Kusan babu wanda ya tsira."

Ya ce a nuna masa gawa ko guda ɗaya.

Manaja bai tsaya jin ƙarshen wannan muhawara ba. Ya ce Kawu ya kwashe kayansa ya kawo makullin ɗaki. Injiniya ce ta ce a dakata, ba domin tausayi kaɗai ba. Ta ce za a iya farfaɗo da Tumbi idan aka zubar da mafi yawan ruwan ciki, aka zuba sabo, sannan aka kawo iri. Irin kuwa shi ne abin da ke cikin tumbin shanu da aka yanka, da ɗuminsa, kowace safiya har sai halittun sun sake yaɗuwa. Matsalar ita ce mahauta suna fushi da hukumar tsafta saboda wata tsohuwar rigima a kan lambatun mayanka, kuma Shugaba ya riga ya koro ɗan aiken Manaja. Sai wata daga cikin masu tsince leda, mai bakin da ba ya rufuwa, ta ce ai ga surukin Shugaba nan tsaye. Manaja ya dubi Kawu ya yanke hukunci: idan rufin ya tashi kafin ƙarshen wata, aiki da ɗaki suna nan, idan bai tashi ba, makulli.

Na raka Kawu ɗakinsa. Ya ce da ya je ya durƙusa wa mutumin nan gara ya kwana a tasha. Gwaggo tana tsince wake a tire, ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Malam, kai ka kwana a tasha, ƙafafunka ne. Ni da wannan tsufan ba zan sake ɗora tukwane a ka ba. Hannun da ka wanke, shi za ka je ka miƙa."

Washegari na ɗauke shi a motata muka nufi mayanka, bokitai a baya. Daɓen wurin jiƙe yake da ruwa da jini, ƙudaje sun yi baƙi a kan ƙugiyoyi. Kawu ya tattare rigarsa da hannu biyu yana taka ƙasa da kan yatsu. Shugaba, ƙaton mutum mai muryar da ba ta gaggawa, yana zaune a benci yana wasa wuƙa. Ya gan mu tun daga nesa. Ya amsa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, hannayensa a kan cinya. Sannan ya sa aka kawo masa bokitin ruwa da sabulu. A gaban mahauta duka ya wanke hannu har gwiwa, ya bi kowane farce, ya goge da tawul, ya ɗaga su sama ya juya su.

Ya ce, "To surukina, yanzu sun isa a taɓa?"

Kawu ya miƙa hannu, gumi yana bin gemunsa. Suka gaisa. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Shugaba ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne, kashi ne, ya ɗiba iya son ransa, kyauta. Sai dai mutanensa aiki ya yi musu yawa, mai so shi zai tsaga tumbin ya juye da hannunsa. Ya ƙara da cewa kada a cire rigar, domin ya daɗe yana jin labarin rigar da dauɗa take tsoro, yana so ya gani da idonsa kafin ya mutu. Mahauta suka ajiye wuƙaƙensu suka nemi wurin tsayawa.

Aka jawo masa tumbin wani bijimi, yana tururi. Kawu bai taɓa tsaga tumbi ba, saboda haka ya soka wuƙar a inda ya fi kumbura. Abin da ke ciki, kore shar, mai ɗumi, ya yi tsalle ya same shi daga gemu har gwiwa. Ya tsaya cik, idonsa a rufe. Babu wanda ya yi dariya nan take, sai da wani tsoho ya yi masa sannu da aiki, sannan wurin ya ɓarke. Kawu ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce in juya baya. Na juya, domin abokina ne. Da na waiwayo, ya cika bokiti na farko ya jawo na biyu.

Haka muka yi ta yi kowace safiya. Hannunsa ya faɗa, ya gane inda ake tsagawa. Da yake ba ya iya ganin ƙazanta ya wuce, yana gama cika bokitai sai ya ari tsintsiya ya bi lambatun mayankar, ba tare da kowa ya sa shi ba. Shugaba yana kallonsa daga benci. Wata rana na miƙa wa Kawu makullin mota ya riƙe mini, hannunmu ya haɗu, yana mayar mini ya nemi buta ya fito da gwangwaninsa. Shugaba ya kira ni gefe ya tambaye ni ko haka yake yi mini kullum. Na ce haka yake yi wa kowa, har jikokinsa. Sai ya yi wata dariya da ta girgiza bencin.

Ya ce, "Ashe ciwo ne, ba raini ba. Ni da na yi shekaru ina fushi da majinyaci."

Daga ranar ya fara ajiye wa Kawu shayi.

A masana'anta kuwa rufin yana kwance yadda yake. Kawu ya kai kujera gindin Tumbi, in ya gama aiki ya zauna ya kara kunne a jikin siminti. Wani maigadi ya rantse ya ji shi yana ba halittun haƙuri, yana cewa su ci su ƙoshi, abin da ya wuce ya wuce. Ban ji wannan da kunnena ba, amma na ga Gwaggo ta fara ɗaure kwanoni a zani, kuma na ga Kawu ya daina bi ta ƙofar ofis.

Wata ya kusa ƙarewa sai rufin ya fara motsi. Injiniya ta sa tiyo a bakin bututun gas ta ƙyasta ashana, iskar ta kashe ta. Ta ce wannan numfashin farko ne, ba ya kama wuta. Bayan 'yan kwanaki ta sake gwadawa, wata shuɗiyar wuta ta kama, ƙarama, tana rawa. Amma ranar da wata ya cika rufin rabi kawai ya tashi, gas ɗin bai wuce na ɗakin sanyi ba, layuka da shaguna suna cikin duhu. Manaja ya fito ya dubi rufin ya ce shi tashi ya ce, bai ce tsugunno ba.

Yana cikin magana sai ga Shugaba ya shigo harabar da sandarsa, mahauta suna biye. Ya gaishe da Manaja cikin ladabi, ya ce ya ji ana shirin sallamar surukinsa, shi ba ya shiga harkar ofis, ya zo ne kawai ya sanar cewa tumbin mayanka ba ya fita sai a hannun mutum ɗaya. Injiniya ta ƙara da cewa ta lura Tumbi ya fi saurin murmurewa da abincin mayanka, kuma tana so a ci gaba da kawo shi kullum ko bayan ya warke. Manaja ya dubi wannan ya dubi wancan, ya share wuya da hankici. Sannan ya ce Kawu yana nan, ɗaki yana nan. Sai dai an karɓe makullin siton magani daga hannunsa, an kuma sauke shi daga shugabancin shara. Sabon aikinsa, daga ranar har ritaya, shi ne ɗebo kashin tumbi kowace safiya.

Kawu ya buɗe baki zai yi magana. Gwaggo, wadda take tsaye a ƙofar ɗakinta da ƙullin kwanoni a hannu, ta yi gyaran murya. Ya rufe bakin, ya yi godiya.

Rufin ya cika ya tsaya cikin wata na gaba, wuta ta koma layuka. Kawu ya yi sabon aikinsa da irin zafin da ya yi tsohon. Ya zama babu mai kusantar ramin damu sai ya sunsuna masa bokiti. Ya taɓa korar mai sayar da abinci da gudu domin ta zubar da ruwan wanke-wanke kusa da bututu, yana ce mata akwai masu rai a ciki, ba ta da imani ne. Idan sababbin ma'aikata suka zo, shi ke yi musu bayanin halittun, da muryar wanda ya san su tun suna ƙanana.

Da lokacin ritayarsa ya yi, aka sallame shi da takardarsa cikakkiya, ya yanke shawarar komawa wurin babban ɗansa a wani gari mai nisa. Ni na kai su tasha. Da muka zo fita ya ce in rage gudu, ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon rufin. A tasha, bayan an ɗaure kaya Gwaggo ta shiga ta zauna, ya dawo ya tsaya a gefen ƙofata. Ya ce in gaya wa wanda ya gaje shi cewa Tumbi ba ya son ɓawon lemo da yawa, kuma kada a sauya masa abinci rana ɗaya, a bi shi a hankali. Ɗan kamasho ya daka wa motarsu duka a gefe, Kawu ya juya ya hau.

Wannan shi ne ganina da shi na ƙarshe, ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025.